Awa huɗu ne tsakaninsa da Inna, ni na mai da su kwana biyar

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni matar aure ce a Tsarnawa. Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana da ke aiki a Kazablanka ta Maroko. Shekara bakwai bai zo gida ba. Duk sallah maganarsa ɗaya: "Ƙanwata, nisa ne." Ni kuwa na yarda, ina ba Inna haƙuri, ina mata wanka, ina kai ta likita Konni idan hawan jini ya tashi. Sai rannan, ina zaune gefen gadonta, na duba a salula. Daga filin jirgin Kazablanka zuwa na Yamai, ko awa huɗu ba a cikawa. Motar Yamai zuwa Konni ma ta fi haka daɗewa. Wannan ne nisan? Wannan ne ya hana mutum ganin uwarsa shekara bakwai?

Da jikinta ya tsananta ranar Lahadi, ta ce, "Ɗiyata, kira mini yayanki." Na ce to, ban kira ba. A raina na ce bari ya ji irin abin da muke ji, ai awa huɗu ne, ko yaushe na kira zai iso. Ban lissafa cewa ba kullum ake samun jirgi ba, ban lissafa hanyar mota ba. Duk motar siminti da ta wuce daga Malbaza sai Inna ta ɗaga kai ta ce, "Shi ne?" In ce mata, "Yana hanya, Inna." Da bakin da nake salla da shi nake faɗa.

Sai Laraba na kira shi. Ta cika Alhamis bayan azahar, aka kai ta kafin magariba. Ya iso Juma'a, da bargo sabo da ya sayo mata.

Har yau kowa na cewa jirgi ne ya makara da shi. Shi ma kansa yake zargi. Ya ce mini, "Ke ce kika yi wa Inna komai, ni ban cancanci ganinta ba." Abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu ina jin haushinsa. Shekara bakwai ɗin nan ba ni na ƙirƙira su ba. Amma kwanaki biyar ɗin nan ni na jawo su, kuma har da Inna na zalunta da su, ba shi kaɗai ba.

Yanzu matarsa ta haifi mace. Jiya ya kira ya ce sunana zai sa mata, suna kuma jibi ne. In na faɗa masa, ƙila in rasa ɗan'uwa ɗaya da ya rage mini. In na yi shiru, yarinya za ta girma da sunan wadda ta hana ubanta yin bankwana da uwarsa.

Kafin jibi, me zan yi?