Ta Uku Daga Dogo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki, da yara. Ina fatan ciwon bayan da tsayuwar asibiti ta sa miki ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa, ita kuwa ba ta taɓa rufe baki ba.

Tela ne ke rubuta mini wannan a kan teburin yankansa. Ya ce in kira ki a waya kowa ya huta, na ce kunnena ba ya kama muryar waya, kuma maganar da ke bakina ba ta iska ba ce. Na ja masa kunne ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi wa maganata kalmasa.

Ranar Litinin na je buɗe ƙofar maƙabarta kamar yadda na saba shekara arba'in da ɗaya, sai na tarar an kafa allo a jikin katanga. Tela ya karanta mini. Gwamnati ta ba wani kamfani wurin, zai gina rumbunan ajiyar kaya. Wai akwai sabuwar doka: kabarin da ba shi da lamba a ofishin filaye, fili ne. Sun ba da kwana sittin. Wanda ya cike fom ya nuna ainihin inda nasa yake, za a kwashe masa shi zuwa sabuwar maƙabarta a bayan gari. Wanda bai nuna ba, shi ke nan.

Yanzu na gane abin da ya sa suka hana mu binnewa shekara shida da suka wuce, suka ce wuri ya cika. Bai cika ba, ni na sani. Jira suke tudun ƙasa ya kwanta, masu kuka kuma su gaji.

Tun ranar unguwa ta tare a ƙofata. Kowa na tambaya ina nasa yake, har waɗanda ko sannu ba sa ce mini. Na ce su kwantar da hankali. Ba wanda na sa a ƙasar nan da hannuna da na manta, na da kuma na gaje su daga bakin wanda na karɓi digar a hannunsa.

Innarki tana nan inda take, taku goma sha ɗaya daga gindin kanya, ta uku daga Dogo mai gyaran agogo. Kin tuna Dogo? Shi ne wanda sai da muka ƙara masa rami sau biyu, duk maƙabartar ba mai tsawonsa. Shekara ashirin suna faɗa da innarki a kan kajinta da ke shiga shagonsa, ga su nan kuma Allah ya sake haɗa su layi ɗaya.

Na san za ki ce kin faɗa mini tuntuni in sa a rubuta komai. Na ce miki takarda abincin gara ce, kuma har yau ina kan bakana. Ba na son a taɓa innarki ko da yatsa, amma in ya zama dole, ni zan ɗauke ta da hannuna.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
wanda innarki ke kira Ƙi-Faɗi

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, da maganin gwiwa. Na gode, Allah ya saka miki da alheri. Yaya jikin ƙaramin naku da kika ce yana haƙori?

Kin ce in yi hattara da mutanen kamfani. To, na ga ɗayansu, kuma ba dodo ba ne. Injiniyansu ne, muna ce masa Mai Farar Hula saboda hular kwanon da ba ya cirewa. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce an gaya masa duk garin nan ba mai kai irin nawa, ya roƙe ni in zaga da shi.

Kwana uku muna yawo cikin rana. Na nuna masa layin 'yan gobarar kasuwa, da layin yaran da ƙyanda ta kwashe shekarar da aka haife ki, da inda malaman makarantar nan biyu suke kafaɗa da kafaɗa. Ya tambaye ni yadda nake ganewa, tunda ba alama, tudun ma ya baje. Auta, daɗi ya kwashe ni. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Na ce masa itatuwa ne littafina. Kowane mamaci yana da itacensa da takunsa: wannan na tsamiya ne, taku bakwai gabas, wancan na darbejiya mai reshe biyu, na can gefe kuma daga tsagewar katanga nake ƙirga su. Ya ce to in babu itatuwan fa? Na yi dariya na ce makaho ai sai da sanda. Shi ma ya yi dariya, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

Da na ba Tela labari bai yi dariya ba. Ya ce bakina ya fi ƙafata sauri. Na ce shi ɗinki ya sani, ya tsaya a kan zarensa.

Ofishin filaye kuwa sun gasa mana aya a hannu. Mun je mu talatin, aka ce fom ya ƙare. Muka koma, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Zuwa na uku akawun ya ce sai da takardar shaidar mutuwa. Na tambaye shi ko kakansa da takarda ya mutu, ya ce shi doka yake bi, ba shi ya yi ta ba. Haka kowa ke faɗa a gidan nan, tun daga mai gadi har sama. Ban taɓa ganin ɗan da ba shi da uba irin dokar nan ba. Daga ƙarshe dai na dangwala yatsa a fom ɗin innarki, suka sa mana ranar nuni, wato ranar da akawu zai zo kowa ya nuna nasa. Ta faɗo saura kwana tara wa'adi ya cika.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai. Jiya da safe na ga an shafa wa kanya jan fenti a ƙugu. Na duba tsamiya, ita ma haka, har darbejiya. Mai Farar Hula ya ce alamar awo ce kawai. Wataƙila haka ne. Amma itatuwan da ban taɓa ambata masa ba, ba wanda ya shafa musu komai.

Kada ki bar aikinki ki taho. Ki dai sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Ƙi-Faɗi

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau bakina ba daɗi.

Sun sare itatuwan. Ranar Laraba aka aiko mu koma ofishin filaye, wai akwai gyara a fom. Muka wuni a kan benci. Kafin mu dawo da la'asar, zarto mai inji ya gama aikinsa, katafila tana tumɓuke kututture. Washegari suka ture katanga da ƙofar, suka share wurin tas kamar faifai, suka kewaye shi da shingen kwano. Sun ce sharar fage ce don a ji daɗin awo, kuma doka ta yarda. Kanyar da nake zama a ƙarƙashinta kowace safiya ina ba innarki labarin unguwa, na gan ta guntu-guntu a bayan mota.

Jiya ce ranar nuni. Suka buɗe mana shingen, mutum fiye da ɗari a bayana, akawu da littafinsa, Mai Farar Hula a gefe yana duban takalminsa. Na shiga na tsaya. Jar ƙasa ce shimfiɗe daga nan har can, ba inuwa, ba ko tsinke. Na yi gabas, na dawo. Na ƙirga taku goma sha ɗaya, amma daga ina? Matar mai burodi tana riƙe da gefen rigata tana tambayata ina ɗanta. Na haƙa ramin yaron nan da hannuna, na san wanda ke damansa da wanda ke hagunsa, amma ban san inda zan sa ƙafa ba.

Akawun ya matso ya yi mini raɗa, wai in nuna ko'ina, shi zai rubuta, ma'aikata su ɗebi abin da suka samu, kowa ya samu na kai wa sabon wuri. Ya ce taimakona yake yi, kuma na ga alama har zuciyarsa haka yake nufi. Wasu ma daga cikin mutanenmu suka ce in yi hakan a rabu lafiya. Na ƙi. Ba zan ba mace ƙashin wani in ce ɗanta ne ba. Ba zan kai baƙo in kwantar, in riƙa zuwa ina kiransa da sunan innarki ba. Aka watse ana zagina ƙasa-ƙasa, akawu ya rubuta cewa ba a nuna ko ɗaya ba.

Auta, ni na ba su wuƙar. Ba duka suka yi mini ba, ba barazana, yabo kawai. 

Abu ɗaya ya rage mini, ban kuwa faɗa wa Mai Farar Hula shi ba, don bai tambaya ba. Ƙasar da aka taɓa tonawa ba ta mantuwa. Ko an baje ta, ko an daddaɓe, ranar da ta sha ruwan sama mai nauyi sai ta zauna daidai bakin ramin. Kowane mai haƙa ya san wannan. Saura kwana takwas. Kullum ina zaune a ƙofar shagon Tela ina duban gabas, hadari ya taso ya watse, ya taso ya watse.

Ki roƙa mana ruwa.

Mahaifinki

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina gaida maigidanki da jikokina ɗaya bayan ɗaya. Tela ya ce kin kira shi sau huɗu kina kuka, kina cewa kin sami hutu za ki taho ranar Asabar. Allah ya kawo ki lafiya. Wannan takarda zan ba direban motar safe, za ta riga ki tashi.

An yi ruwan. Wa'adi ya cika ranar Talata, ruwa ya sauko yau Alhamis, tun hantsi har bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Yana ɗaukewa na ɗauki sandata. Akwai inda iska ta ɗaga kwanon shingen, na sa ido a nan.

Duk sun fito, Auta. Layi-layi, kowane rami ya zauna ya riƙe ruwansa, sama tana haskawa a ciki. Manya, da ƙanana birjik a layin 'yan ƙyanda. Ban taɓa ganinsu gaba ɗaya haka ba, ni da na kwantar da su. Can tsakiya ga wani ya fi kowa tsawo. Dogo ne. Na ƙirga uku zuwa dama, ga innarki. Daga Dogo kuwa ba wanda ya ɓace mini, kaina ya buɗe kamar an kunna fitila. Na aika aka kira matar mai burodi, na nuna mata ɗanta ta kafar kwano.

Ban tsaya canza riga ba na tafi ofishin filaye. Akawun ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya juyo da littafin ya nuna mini inda aka ja layi aka buga hatimi. Ya ce a takarda wurin fili ne tun shekaranjiya. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce idonsa ba ya cikin abin da doka ta lissafa.

Ba ni kaɗai na gani ba. Da na dawo na hangi Mai Farar Hula a kan tudun yashi, ya daɗe yana kallo, har ya cire hular, karo na farko da na ga kansa. Na ɗauka wani abu ya motsa masa. Sai ya ciro waya. Kafin la'asar sakaliya motocin tsakuwa sun fara isowa. Yanzu haka goma sha huɗu ne jere a bakin titi, an kashe injin, direbobi na shan shayi. Mai gadinsu ya ce da safe za a fara juyewa.

Za ki ga wasu takardu bakwai a cikin ambulan ɗin nan. Tun da na dawo nake faɗa Tela na rubutawa, har ya bar ɗinkin mutane: kowane layi, wane kusa da wane, an fara daga Dogo. Kin yi gaskiya, ni na yi kuskure. Ki sa su a leda, ki ajiye inda gara ba ta kaiwa. Wata rana wani zai tambayi abin da ke ƙarƙashin rumbunan nan.

Na wanke farar rigata. Gobe in Allah ya kai mu, kafin su ta da mota, zan shiga ta inda kwanon ya ɗage in zauna wajen innarki, kamar yadda na saba kowace safiya. Ba faɗa zan yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Matar mai burodi ta ce za ta zo. Tela ya ce ni mahaukaci ne, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa. Sauran ban sani ba. Ina so dai wanda zai juye tsakuwar ya dubi fuskar mutum kafin ya ja ƙarfen.

Ki yafe mini taurin kaina, gadonsa kika yi kaɗan. In kin iso ba ki same ni a gida ba, kada ki tsaya tambayar kowa. Ki leƙa ta shingen. In akwai sauran rami a buɗe, ki nemi wanda ya fi tsawo, ki ƙirga uku zuwa dama.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuriya.

Mahaifinki,
Ƙi-Faɗi