Rami Ne, Maigida

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya ja wa Maigida kunne: in ya ƙara makara da motar ma'aikata, ya ajiye makulli. Ni na san abin da ke makarar da shi. Da taya ta faɗa rami sai zuciyarsa ta ce masa mutum ya taka. Ya juya ya duba titi, ya sake juyawa, sannan ya kira ni: "Kin tabbata ba mutum ba ne?" Ni da nake tsakar gida ina wanki. Amma da na ce "Rami ne, Maigida," sai hankalinsa ya kwanta. Ba yabon kai ba, ni ce maganin bawan Allahn nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti. Wata likita tana bincike kan cutar waswasi, tana so ta gano ko magani ya fi ci idan aka haɗa da mutanen gida. Ta tambaye shi yadda tunanin ke cinye masa yini, da abin da yake ji in bai koma ya duba ba. Da ta juyo kaina na gyara zama, na ba ta labarin yadda kullum da yamma nake zagaya motar tare da shi, muna leƙa taya ko akwai jini. Ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari, sai ta ce, "Malama, amsar nan taki da ita cutar ke ƙoshi." Wai sauƙin na ɗan lokaci ne, gobe tambayar ta dawo da ƙarfinta.

Yarinyar da na girme ta nesa ba kusa ba. Na ji haushi sosai.

An dai yi magana a gabanta, kuma shi da bakinsa ya yarda: in ya tambaya, in ce "Wannan tambayar waswasi ce, ba zan amsa ba." Zan iya. Me zai gagare ni?

Talata, 11 ga Maris

Ya kira. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Sai ya ce, "Haba Maman yara, kalma biyu ce fa." Na ce sai ka dawo, na kashe. Abinci ya kama a tukunya ina tsaye a kansa.

Ya koma ya duba, ya makara. Allah ya rufa asiri manaja bai zo aiki ba.

Laraba, 12 ga Maris

Fushi yake da ni. Ya yi ta yi, zai huce.

Asabar, 22 ga Maris

Likita ta sa shi ya tuƙa mu da gangan ta titin bayan asibiti, wanda ramukansa sun fi kwaltarsa yawa. Sharaɗi, ba juyawa. Ina zaune a baya na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya kalle ni ta madubi, "rami ne" ta zo min har bakin harshe, na ciji leɓe. Likita ta tambaye shi ina tsoron ya kai, ya ce har wuya. Ta ce to mu zauna da shi a haka. Muka tsaya a inuwa. Da jimawa ya sauke numfashi ya ce, "Ashe da kansa yake sauka."

Tausayinsa ya kama ni. Ita kuma yarinyar nan ta san aikinta, amma ban gaya mata ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Likita ta sake yi masa tambayoyin farko, ta ce an samu ci gaba, sai dai kada mu saki jiki, abin kan dawo. Manaja ya daina tare shi a bakin ƙofa yana nuna agogo. Dama na ce za mu iya.

Yanzu da yamma ba zagayen mota. Na share tsakar gidan da na riga na share.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Tun safe ake ruwa, tituna duk sun farfashe, wayata kuwa ko ƙara ɗaya. Na duba ko caji ne ya ƙare. Ba wai jira nake yi ba. Da la'asar na nemo lambarsa, har na shirya abin da zan ce: "Ka tabbata lafiya kake?" Da na ji tambayar a bakina sai na gane irinta. Na kife wayar a kan firji na koma guga.

Ya dawo a kan lokaci, ya kulle mota ya wuce ciki yana ƙorafin ramuka, bai ko waiwaya ba. Ni ce na tsaya a jikin motar, idona na neman sauka kan taya. Ya leƙo ya ce, "Maman yara, shigo mana, ruwa na dukanki."

Na shiga. Ban duba ba.