Kwana Tara Muna Harbin Katako

Makka, 9 ga Rajab 1368

Zuwa ga Yaya Mukhtaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Ina Hadijatu da yara, da mutanen maƙera? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Har yanzu ina wurin Mu'allim Sabri mai gyaran bindigogi. Wani attajiri yana so a rage tsawon bakin libarbar masu gadin ayarinsa, wato ƙaramar bindigar hannu, don ta ɓuya cikin riga. Mu'allim ya ce sai an gwada tukuna. Kwana tara muna fita bayan iyakar Harami, mu jera allunan katako, ni nake harbi. Da dogon baki, harsashi ya huda allo bakwai. Na sa zarto na rage faɗin yatsa biyu, ya huda biyar. Na ƙara ragewa, ya maƙale a na huɗu. Mu'allim ya ce, "Shuf, duba nan ya Lurwanu, gudu na raguwa, ƙara na ƙaruwa."

Gaskiyarsa. Kunnuwana ba su daina ƙugi ba, in na zauna sai in miƙe, in rasa inda zan nufa. Saura kwana uku mu gama gwajin. Don Allah ka ba alhazan bana maganin kunnen nan na Baba su kawo mini.

Jiya a ƙofar Harami na tambayi wani ko an kira salla. Ya dube ni, ya ce ai ladan bai ma gama kiran ba.

Kada ka gaya wa Inna. Ka ce kullum ina mata addu'a gaban Ka'aba.

Ƙaninka,
Lurwanu