Tawadar Allah a Kafaɗar Desanka

Nish, 2 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Yayata Desanka,

Gaisuwa buhu-buhu, wadda ta fi barkonon bana yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da tsohon angonki Milutin.

Jan mai ya iso, ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba, duk da direban bas ɗin ƙauyenku yana tuƙi kamar wanda ya sato motar. Furen kantariyon na bana ya yi kyau, man ya fito ja wur. Ranar Asabar wata matar kanar ta tsaya a rumfata tana yatsina, wai, "Wannan na ƙuna ne ko na fuska?" Na ce, "Uwargida, na me kike nema?" Ta ce na yamutsewar fata. Na ce, "To na shi ne. Dube ni da kyau, shekarata sittin." Ta zaro ido ta ɗauki biyu. Kin san hamsin da ɗaya gare ni, amma ƙarin tara ai ba sata ba ce. Sai Stana mai cuku ta leƙo ta ce, "Ke Vinka, makon jiya saba'in kika ce!" Na ce, "To kin ga aikin man ke nan."

Sai dai kin saba aiko sha biyu, bana tara na gani. Rana ce ta yi rowa, ko Milutin ya fara dangwala burodi a ciki?

Ki gaida kowa, har akuyar.

Ƙanwarki,
Vinka

Lipnik, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Vinka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna nan lafiya cikin kiyayewar Ubangiji. Ki rage ƙarya a kasuwa, kin girma.

Rana ba ta yi rowa ba. Na tsinki furen ranar Waliyyi Yovan tun raɓa ba ta bushe ba, ya kwana arba'in cikin mai a kan katanga, yadda Mama ta koya mana. Ukun ni na ajiye wa kaina. Tawadar Allah ɗin nan ta kafaɗata ta hagu, wadda kike cewa ƙuda ne ya sauka mini muna yara, ta ɗan faɗaɗa tun bikin Ista. Tana ƙaiƙayi, in igiyar kwando ta goge ta sai ta ɗan yi jini. Ina shafa mata safe da yamma. Ba wani abin damuwa ba ne.

Milutin yana gaishe ki. Ubangiji ya tsare.

Yayarki,
Desanka

Nish, 13 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Bayana ya riƙe, ga buhun barkono uku a ƙofar ɗaki suna jiran gashi, ba mai taya ni. Ki taimaki marainiya ki biyo bas ɗin Talata. An kuma kawo wani yadin ulu mai ruwan toka, sak irin wanda kike so, matan gari sai wawa suke yi.

Af, har na manta. Akwai wata mai sayen manki, Likita Yelisaveta, ta nace sai ta ga hannun da ke haɗa shi. Ta ce in kawo ki wurin aikinta ranar Laraba ƙarfe tara ku sha kofi. Ki sa riga mai maɓalli a gaba, ita ake yayi yanzu.

Abin nan na kafaɗarki, faɗinsa ya kai ƙwandalar dinari biyar? Baƙi ne duka, ko launi biyu? Tambaya ce kawai.

Sai na gan ki,
Vinka

Lipnik, 21 ga Satumba

Zuwa ga Vinka,

Bayan gaisuwa. Kifi na ganinki, mai jar koma. Shekara talatin kina gasa barkononki ke kaɗai don kada a ce kin roƙi wani, yau kuma likita ce za ta sha kofi da ni cikin riga mai maɓalli. Ki ajiye wannan ciniki ga matan kanar.

Ba za ni ba. Ba a taɓa tawadar Allah da ƙarfe, kowa ya sani. Barci take yi, in wuƙa ta tashe ta sai ta bazu cikin jiki. Kuma ba a bakin tsofaffi kaɗai na ji ba. Ke kika kai Mama asibiti lokacin da nake kwance da cikin Goran, ƙanƙara ta rufe mana hanya. Ke kika faɗa mana da bakinki a gaban murhu cewa lafiyarta ƙalau sai da suka yanke tawadar Allah ta bayanta. An yanka ana azumin Kirsimeti, kafin tuffa ta yi fure mun binne ta. Shekara goma sha tara ban manta ba. Ina mamakinki, ke da kika gani da idonki.

Ina da mai, ina da addu'a. Kada ki ƙara tayar da maganar, kada kuma ki rubuta wa Goran a barikin soja ki ɗaga masa hankali.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Desanka

Nish, 25 ga Satumba

Yaya Desanka,

Ina gaishe ki, in za ki amsa bayan kin gama karantawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba wuƙa ce ta kashe Mama ba.

Ta nuna mini abin tun girbin inabin shekarar da ta gabata, wata goma sha huɗu kafin asibiti. A lokacin bai fi ƙwayar wake ba. Wata nas da ta zo allurar yara ta hango shi Mama tana wanke kai, ta ce mini, "Ki kai ta gari cikin makon nan." Ni kuwa sabuwar rumfa na samu, in na bar ta kwana uku wata za ta zauna. Ga shi ina sayar da man da nake rantsuwa yana warkar da komai, ina zan kai kunyar a ce uwar mai magani tana layin likita? Na ce wa Mama, "Rabu da su, yanka kawai suka iya." Da hannuna nake shafa mata, kullum, har rigunanta duka suka rine a baya.

Ranar da aka yi aikin, likitan ya tare ni a baranda. Wani gajere ne mai warin taba. Ya ce, "Wa ke kula da ita?" Na ce ni. Ya ce, "Yaushe kika fara gani?" Na ce wata biyu. Ya ɗaga rigarta da ke hannuna, ya dubi jan tabon da wanki ya kasa fitarwa, ya ce, "Ƴata, wannan rini ba na wata biyu ba ne. Da bara kika kawo ta, ɗinki huɗu zan yi mata ta koma ta tatsi akuyarta."

Da na dawo gida, Gwaggo Leposava ta riga ni buɗe baki, ta ce, "Wuƙa ta tashe ta." Sai na gyaɗa kai. Daga baya na maimaita, na ƙara gishiri, har ni ma na kusa yarda. Duk hajar da na taɓa sayarwa ba wadda ta karɓu kamar wannan, kuma ke kika fi kowa saye.

Manki na kirki ne, Yaya. Yana maganin ƙuna da kaushi da faso. Wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Ki tsine mini in kina so, ki hana ni zuwa bikin waliyyin gidanku har in mutu. Amma ki tsine mini a nan, a bencin asibiti.

Vinka

Nish, 17 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Mako uku ke nan. Duk Talata da Alhamis ina tasha, har direban ya fara cewa, "Inna, in aure kike so ki fito fili." Na ƙyale shi na koma rumfa, Stana ta ce lallai ba ni da lafiya.

Jiya wata yarinya ta buɗe mini wuyanta ta nuna tawadar Allah irin taki, ta ce a ba ta kwalba ɗaya. Na hana ta, na rubuta mata sunan likita a takardar cuku. Ta tafi tana zagina.

Ko layi ɗaya ne, Yaya. Ko zagi ne.

Vinka

Lipnik, 22 ga Oktoba

Vinka,

Na je wurin Mama na kunna kyandir. Ban faɗa mata komai ba, ta fi mu sani.

Tawadar ta wuce faɗin dinari biyar, launi biyu ce. Tun makon jiya kuma akwai wani ƙullutu a hammatata. Milutin bai sani ba.

Alhamis, bas ɗin safe. Na ɗinka wa rigar maɓalli. Ki zo tasha, amma kada ki yi mini magana a hanya. In likita ta tambayi tun yaushe, ni zan amsa.

Desanka