Jakin Ige da Yaron Majigi

Daren Alhamis, watan Safar.

Barci ya ƙi zuwa. Jiya jikana Ummaru ya ja ni kallon majigin Nasara. Anka nuna wani yaro mai kunya, kai ƙasa, ko gaisuwa sai muryatai ta yi rawa. Kafin a tashi ya girma, shina tsaye gaban manya, ido cikin ido. Tafintan majigin na ta ihu, "Kun gani, ya zama mutum!" Nic ce lalacewa dai ya yi.

Yau da hantsi maƙwabcina Ige ya sake ɗaure jakinai jikin katangata, wadda jakin yak kusa kayarwa. Ummaru, da ko kaza ba ya iya kora, yam miƙe, babu durƙuso, yac ce, "Baba Ige, kwance shi. In ginin ga ya faɗi, kakana za shi danne."

Ige yak kwance, ko tari bai yi ba!

Na yi ma Ummaru faɗa sosai, don ba haka anka rene mu ba. Amma abin da ke cina daban ne. Tun bara nike roƙon Ige cikin ladabi, ni da furfurata, dariya kawai shike yi mani.