Jana'izar da Inna Ke Kallo a Waya

Riruwai, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigidan, ya yara, ya mutanen Tudun Wada?

Ni kam raina a ɓace yake. Kin tuna 'yan fim ɗin da suka zo bara suna tambayar yadda ramin haƙar kuza ya rufta da su Yaya Abdulmumini? To, fim ya fito. Na gani a gidan kallon Sagir. Ana kallo ana cin gyaɗa, wani ma cewa ya yi a maimaita wajen ruftawar. Wanda ya fito a yayanmu fes da shi, ko ƙasa babu a farcensa, har da rawa da budurwa. Mutumin da ko a biki bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

Babbar ƙaryar, wai an tono shi, an yi masa wanka da likkafani, an kai shi makwanci. Ke kin san har yau yana ƙasa, a bakin rami liman ya yi salla. Na tsaya na karanta rubutun ƙarshe kaf, ni da a jaridar ƙunshin ƙosai na koyi karatu, babu sunan yayanmu. Na zage Sagir tas.

Wata maƙwabciya ta tura wa Inna fim ɗin a waya. Kullum Inna tana ɗaki da shi. Jiya na goge shi daga wayar.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Mujitaba.

Riruwai, ranar Asabar.

Yaya Hasiya,

Sallama da fatan kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, abinci kawai ta daina ci. Kin san Yaya Abdulmumini ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ranar da ramin ya rufta ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Yau na matsa mata, sai ta ce, "Ni ba rawar nake kallo ba. Wajen wankan nake kaiwa. A nan kaɗai na ga an suturta yayanka."

Maƙwabciyar ta yi tafiya, Sagir kuma ya ce ko ƙofarsa kada in taka. Don Allah ranar kasuwa ki je wurin masu tura fim, a sa miki a memori, ki ba direban motar Doguwa ya kawo mini. Har yanzu ƙarya ce, kuma ban yafe wa 'yan fim ɗin ba. Ki dai aiko da wuri.

Allah ya jiƙansa.
Mujitaba.