Na Sa Rigarta, Na Tona Mata Asiri

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu bibiyarsa. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon ku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba. Wata uku ke nan abin nan yana cina a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni 'yar Kano ce, shekarata ashirin da ɗaya, ina karatun harhaɗa magunguna a wata kwaleji a Kuala Lumpur. Ina zaune a Setapak, hawa na goma sha huɗu, tare da wasu 'yan mata biyu 'yan ƙasar waje waɗanda tsakanina da su sai gaisuwa a bakin firij. Hausawa ɗalibai suna da yawa a garin, har guruf gare mu a waya, amma kowa da rukuninsa, ni kuma tun ina ƙarama ban iya shiga mutane ba. Shekara guda cur na yi daga aji sai ɗaki. Abinci ma tapau nake yi, a ƙunshe min in tafi da abina, don kunyar zama ni kaɗai a teburi. Akwai ranar da na lura tun safe har magariba ban yi magana da kowa ba sai mai shagon da na ce wa na gode. In Umma ta kira kuwa sai in ce lafiya lau, ƙawaye sun yi min yawa.

Wata rana da la'asar ruwa ya tare ni a tashar jirgin ƙasa, sai na ga wata yarinya tana tsaye sanye da baƙar abaya wadda ban taɓa ganin irinta ba. An yayyage bakinta da gangan, an toshe wuraren da ƙyallayen jar atamfa, ba da zare ba, da manyan fil-fil masu sheƙi. Sarƙa ta sauko daga kafaɗa zuwa aljihu, ƙafarta cikin takalmi irin na sojoji, mayafinta kuwa a naɗe tsaf, ko silin gashi ba ya leƙowa. Kowa yana satar kallonta, ita ko a jikinta. Ni ban ma san na ƙura mata ido ba sai da ta juyo ta ce da Hausa, "Malama, kallon ya isa haka, ko aro kike so?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya ta ce, "Ai na gane ki tun daga ɗaurin ɗankwali. Zo mu sha shayi kafin ruwan ya tsaya."

Zan kira ta Ramla, ba sunanta ba ne. Tana shekarar ƙarshe a fannin zane da ɗinkin tufafi, kuma har wasu 'yan Malesiya sun fara sayen kayanta ta shafinta. Ta ce salon nata punk ake kiransa, na matasan da suka gaji da a ce musu ga yadda za su yi, sai suka yaga kayansu suka haɗa da fil. Na ce ba ta tsoron bakin mutane? Ta miƙo min hannun rigar ta ce, "Duba da kyau, ko wuyan hannuna ba ya fita. Me na buɗe? Idonsu kawai na buɗe." Wallahi ban taɓa ganin mutum da ya burge ni haka ba. Ni da ko jan baki ba na iya sawa sai na yi tunanin me Gwaggo za ta ce, alhali Gwaggo tana can Kano.

Daga nan duk Asabar sai in hau jirgi zuwa ɗakinta a Sri Petaling. Kekenta na ɗinki yana bakin taga, ni in zauna a ƙasa ina farke zif daga wandunan gwanjo, ina miƙa mata fil, tana ba ni labari bakinta cike da allura. In azahar ta yi mu yi salla, mu sauka shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benen, ta tura min faranti tana cewa, "Makan, lah, ci mana, kin rame kamar tsinken tsire." A guruf kuwa wata Salma, ita ma ba sunanta ba ne, ita ke jagorantar yi mata dariya, tana kiranta mahaukaciyar tela. Ina karantawa, ban taɓa cewa uffan ba. Wace irin ƙawa ce wannan? Tun a nan ya kamata in san halina.

A ɗakin nan ta faɗa min sirrinta. Mahaifinta ɗan kasuwar shadda ne a Kwari, kuma har lokacin ya ɗauka harkar kasuwanci take karanta, bai san ta sauya fanni tun a shekara ta biyu ba. Ta ce, "Saura min wata huɗu. In na kai masa takardar shaida a hannu, na nuna masa abin da na yi da shaddarsa, zai yi fushi na mako guda ya huce. Ke kaɗai kika sani." Ta faɗa min har sunan shagon, tana dariyar yadda yake shafa yadi kamar mai shafa kan jariri.

Sai ta ɗinka min jaket. Baƙar shadda ce daga guntayen da ta taho da su daga gida, da zif a karkace, da fil jere a kafaɗa, a ciki ta ɗinke harafin farko na sunana da jan zare. Muka je Kampung Baru da safe ta ɗauke ni hoto a gaban wani tsohon gidan katako, dogayen benaye a bayana. Da na ga hoton ban gane kaina ba. Ta ce, "In yanke fuskar kafin in saka a shafi?" Ni da bakina na ce, "A'a, bar ta, ina so a gan ni." Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

Kwana uku aka yi hoton ya isa guruf ɗin danginmu. Yayana, wanda shi ke riƙe da mu tun rasuwar Abbanmu, ya kira ni ina shirin shiga aji, ina jin kukan Umma a bayansa. Ya ce, "Wannan ne karatun? Kayan 'yan daba kika koma sawa?" Me zai hana in ce Yaya riga ce kawai, ka duba ba abin da ya fito? Sai na ji bakina yana cewa ba da sanina aka saka ba, wata ce ta yaudare ni ta ce gwaji za ta yi, ta ɗauke ni ban sani ba, kuma haka take yi wa 'yan mata. Ya ce, "'Yar gidan waye?" Na faɗa masa. Sunan mahaifinta, sunan shagon, har da cewa ta bar karatun da aka turo ta yi. Bai tambaye ni wannan na ƙarshen ba, ni na ƙara, don fushinsa ya sauka daga kaina ya koma kanta. Kuma ya sauka. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya." Na shiga aji na zauna, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Kafin mako ya zagayo mahaifinta ya ce ta dawo gida. Ni na taya ta haɗa kaya, ni na raka ta filin jirgi. Ta bar min keken da riguna bakwai da ta ɗinka don bikin nuna kaya na ƙarshen shekara. Da za ta shiga ta rungume ni ta ce, "Da ba ke a garin nan da ban san yadda zan yi ba." Na yi kuka sosai, ita ta ɗauka kukan rabuwa ne.

Abin bai tsaya nan ba. Mahaifinta bai faɗa mata wanda ya kai masa magana ba, cewa kawai ya yi wani mutumin kirki ne ya zo shago. Sai ta yanke cewa Salma ce ta bi diddiginta, ta rubuta mata Allah ya isa a gaban kowa a guruf ɗin ɗalibai. Salma ta rantse har da Alƙur'ani, ba wanda ya yarda, saboda kowa ya san abin da take faɗa a baya. Yanzu ta fita daga guruf, ƙawayenta sun janye. Shekaranjiya muka haɗu da Salma a matattakala, ta gaishe ni a sanyaye, na kasa kallon idonta.

Jiya da rana Ramla ta kira ni da wayar ƙanwarta, don yanzu an karɓe tata. Tana ta murna. Ta ce malamarsu ta yarda in aka nuna rigunan a bikin za a ajiye mata gurbinta, kuma mahaifiyarta ta fara lallaɓa mahaifinta. Abin da ya rage shi ne wadda za ta kai kayan, ta sa jaket ɗin ta fito da ita a ƙarshe, tunda a jikina aka auna. Ta ce, "Asabar ta sama ne. Za ki yi min, ko? Ba ni da kowa a can sai ke." Na ce to.

In na fito a bikin nan za a ɗauki hotuna, Yaya zai gani, zai san ƙarya na yi masa, kuma ban san ko zai bar ni in ƙarasa karatuna ba. In na ƙi fitowa, na kashe mata abin da ya rage. In na faɗa mata gaskiya, na rasa mutum ɗaya tilo da ta taɓa nemana don ni, kuma wataƙila ta ce in ajiye mata kayanta kar in sake taɓawa, bikin ya wuce ba kowa. In na yi shiru, Salma ta ci gaba da ɗaukar zunubin da ba nata ba. Na rubuta wa Ramla saƙo ya fi sau goma ina gogewa.

Saura kwana tara. Don Allah iyayena da yayyena na wannan shafi, ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Wa zan fara faɗa wa, Yaya ko ita? Kafin bikin ko bayansa? Me zan yi?